Madafa a Kan Taya

Riyad, 6 ga Oktoba

Zuwa ga Inna Zouera,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da mutanen gida duka. Yaya ƙafa, yaya ƙarfin jiki? Ni ma nan alhamdu lillahi, sai ɗan abin da zan faɗa miki a ƙasa.

Na san sai kin yi tunani kafin ki gane ni. Ni ne Maulud, ɗan marigayiya Biba ta Tasawa, wadda kakarta da kakarki suke uwa ɗaya uba ɗaya. Rabona da ke tun zaman makokinta, shekara goma sha ɗaya ke nan, kuma ba ni da wata hujja da zan kawo miki. Ousmane ɗan maƙwabcinku, wanda muka zauna ɗaki ɗaya da shi a unguwar Manfuha nan Riyad, shi ya ba ni lambarki. Ya ce kunnenki ya yi nauyi, kada in wahalar da ke da kira, in rubuta a takarda in ɗauki hoto in turo, kina karantawa sarai. Shi ne na yi hakan.

Wata biyu ke nan da aka mayar da ni gadin wani sito na tayil a Birnin Masana'antu na Biyu. Sun ba ni karafan in zauna a ciki. Karafan ɗan ɗaki ne a kan taya, mota ke jan sa. Na mahaifin mudir ne, wato manajanmu. Da can tsohon yana fita da shi yawo, daga baya aka jingine shi a bayan sito har tayoyinsa suka sace.

Makon jiya jiri ya kayar da ni a bakin ƙofa. Na je asibiti, na samu wata likita 'yar Nijeriya, Dakta Jamilat. Ta auna ni ta ce ciwon sukari ne, kuma ya hau sosai. Ta tambaye ni abin da nake ci. Na ce burodi da shayi da safe, shinkafar kabsa da lemon kwalba da rana, da yamma a maimaita. Ta ajiye biro ta ce, “Malam Maulud, magani zan ba ka, amma in ba ka fara dafa abincinka da kanka ba, maganin ba zai riƙe ka ba. Kuma in jiki ya ƙi, ka san aikin nan ba ya jiran mutum.” Inna, 'ya'yana huɗu, da Hajar matata, duk a kan aikin nan suke.

To, ni shekarata arba'in da shida, ban taɓa dafa komai ba sai shayi. Kicin ɗin karafan kuwa tsawonsa taƙi bakwai ne, faɗinsa uku. Katakon ya ruɓe saboda ruwan da ke ɗiga daga wurin wanke-wanke. Murhun gas mai kai ɗaya yana ƙasa, tukunyar gas ɗin tana gefen katifata. Taga ɗaya ce, ƙarama, ba ta buɗuwa. Mudir ya ce in gyara abin da zan iya, in ɗebi fasassun tayil da katakon da aka zubar, kada dai in lalata masa kaya.

Na tuna mahaifiyata tana cewa kin yi shekara talatin kina dafa wa ɗaliban lise, makarantar sakandaren nan ta Damagaram, kuma ba ta taɓa ganin wanda ya san madafa kamarki ba. Ki taimake ni. Da me zan fara?

Ɗanki,
Maulud

Damagaram, 11 ga Oktoba

Ɗana Maulud,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya lau. Gwiwoyi sai a hankali, kunne kuwa na riga na yafe shi. Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ne.

Ba sai na yi wani tunani ba. Biba ɗaya ce a Tasawa da ɗanta zai yi shiru shekara goma sha ɗaya, sai ciki ya matsa masa ya tuna yana da Inna. Na yi maka faɗan a raina na gama, ba sai na cika takarda da shi ba. Da na ga sunanta sai da na ajiye wayar na ɗan zauna.

Yanzu ka saurara. Tukunyar gas ɗin nan ka fitar da ita waje yau, ba gobe ba. Ka yi mata ɗan akwati a inuwa, mai ramuka, tiyo kaɗai zai shigo ciki. Kafin ka kunna, ka kaɗa ruwan sabulu ka shafa a jikin tiyon da duk wata mahaɗa. In ka ga kumfa na tasowa, to gas na fita. Kowace Litinin haka nake yi a lise, kuma cikin shekara talatin ban ƙone ɗan kowa ba.

Sai iska. Ɗakin da ake girki ba mafitar hayaƙi ba ɗakin girki ba ne. In tagar ta ƙi buɗuwa, ka huda wani wuri sama da murhu ka sa fanka. Kada ka ji tsoron bango.

Sannan ka ɗaga murhun daga ƙasa. Ka miƙe tsaye, ka lanƙwasa hannu, ka sauko rabin taƙi daga gwiwar hannunka, nan ne tsayin teburinka. Ni a duƙe na yi girkina duka, yanzu ga shi baya na biyana. Ɗigar ruwa kuwa ka toshe ta kafin ka sa sabon katako, in ba haka ba aikin banza za ka yi. Duk abin da za ka taɓa kullum, ludayi, wuƙa, mataci, ka rataye shi a bango. A ƙaramin wuri bango shi ne kabad.

Abinci: ka nemi wake, kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, zogale in akwai. Ba a rasa matanmu masu sayar da su duk inda Bahaushe ya taru. Ka fara da wake, shi ne mai haƙuri da ɗan koyo. Amma abin da likitarka ta ce shi ne gaba da nawa.

Ka ci gaba da tambaya, kada ka ce kana damuna. Nan gidan Safiatou, matar ɗana, ba ta bari in taɓa ko ludayi. Yarinyar kirki ce, hutar da ni take yi, amma yini yana yi mini tsawo. Jiya har zane na yi na kicin ɗinka a bayan kalanda, taƙi bakwai da uku, ina juya inda zan sa me.

Ka gaida Ousmane.

Innarka,
Zouera

Riyad, 30 ga Oktoba

Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fatan gwiwoyi sun yi sauƙi. Jikina da dama sosai, jirin bai dawo ba. Ki yi haƙuri da jinkiri, hannuwana ne ba su huta ba.

Inna, Allah ya saka miki da Aljanna. Ranar da na karanta takardarki na yi gwajin sabulun. Tun kafin in gama shafawa kumfa ya taso a wuri biyu, kamar ana hura shi. Tiyon ya tsage ta ƙasa inda ido ba ya gani. Na rufe gas ɗin, na zauna a ƙasa na daɗe ban tashi ba. Wata biyu ina kwana da kaina kusa da wannan abu. Ciwon kan da nake tashi da shi kowace safiya, ni duk a zatona sukari ne. Tun da na fitar da tukunyar ban ƙara jin sa ba.

Akwai wani maƙeri ɗan Kano, Mukhtari, yana walda a masana'antar da ke kusa da mu. Ranar Juma'a bayan masallaci ya zo da injinsa ya yanka mini rami sama da murhu. Fankar a haraj na samo ta, kasuwar tsofaffin kaya. Da muka kunna sai ta riƙa janyo iska ciki maimakon ta fitar, ashe a juye muka ɗaura ta. Mukhtari ya yi dariya har da riƙe ciki, muka kwance muka sake.

Ruɓaɓɓen katakon duk na ɓalle shi. Ɗigar ruwan ba wani abu ba ne, roba ce ta cinye a wuyan famfo, na canza. Teburin na yi shi da katakon tabliya, wanda ake ɗora kwalayen tayil a kai. Na zare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, na goge shi har ya yi santsi. Na auna tsayin yadda kika ce, kuma gaskiyarki, yanzu ina yanka albasa a miƙe kamar mai gida. Na yi durowa biyu da kanta uku. Bangon bayan murhu na manna masa fasassun tayil, fari da shuɗi da ruwan ƙasa, don abin da na samu ke nan. Ludayi da wuƙa suna rataye. Kuka da daddawa da barkono na samo su a Manfuha wurin wata 'yar Maraɗi, na zuba kowanne a kwalbarsa na jera. Wani lokaci sai in tsaya a bakin ƙofa ina kallon wurin kawai.

Girkin ne dai har yanzu. Waken farko ya yi awa biyu a wuta ya fito kamar tsakuwa. Miyar kuka kuma duk gudaji. Na ci dai, don ba mai ci in ba ni ba.

Jiya mudir ya zo zagaye. Ya hangi ramin fankar daga waje, ya tsaya cak. Ya shiga ciki ya daɗe yana dube-dube, ya ɗauki hoto, ya fita ya yi doguwar waya. Da ya dawo sai ya ce mini kalas, wato ya isa haka, kada in ƙara buga ƙusa ko ɗaya, in tattara kayana, ranar Alhamis sai barr. Ga babbar mota can tana yi mini hon in buɗe ƙofa, zan ƙarasa miki bayani gobe in sha Allah.

Ɗanki,
Maulud

Damagaram, 2 ga Nuwamba

Maulud,

Salamu alaikum. Muna lafiya, amma hankalina ba a kwance yake ba. Goben da ka ce ta wuce da kwana biyu.

Na karanta ƙarshen takardarka ya fi sau goma. Ka ce ranar Alhamis sai bari. Wane irin bari? Aikin za ka bari? Saboda ramin nan ne ya kore ka? Kai ka faɗa mini tun farko mutumin ya ce kada ka lalata masa kaya, ni kuwa da bakina na ce maka kada ka ji tsoron bango. Ina zaune a Damagaram ina huda bangon mutane a Riyad.

Ka je ka same shi. Ka ce masa ba ra'ayinka ba ne, wata tsohuwa ce a gida ta sa ka. Ka nuna masa takardata, a fassara masa. In toshewa yake so, Mukhtari ya toshe. Ka nuna masa tsagaggen tiyon ma, ya ga abin da ka tarar. Kada ka yi zuciya, kada ka ɗaga murya, kana da yara huɗu.

Ka ba ni amsa ko da layi ɗaya ne.

Waken kuwa jiƙa shi ake yi tun jiya, kuma ba a sa gishiri sai ya yi laushi. Kuka a rage wuta, a barbaɗa kaɗan-kaɗan ana burgawa. Ban ma san ko kana da inda za ka dafa ba yanzu.

Innarka,
Zouera

Damagaram, 19 ga Nuwamba

Maulud,

Salamu alaikum. Ban san ko wannan za ta same ka ba, tunda Safiatou ta ce ta farkon ma ba ta nuna alamar shiga ba. Ta kira lambarka sau da yawa, a kashe.

Na sa an nemo Ousmane. Ranar hutunsa ya je har siton naku. Ya ce ya tarar da wani mai gadi daban, wanda ba ya jin Larabci sosai. Ya tambaye shi ina Maulud, ya nuna hanya da hannu ya ce ya tafi. Karafan ma babu shi, sai shatin taya a ƙasa. Ya leƙa wurin Mukhtari, shi ma ya ce ya zo ranar Asabar ya ga wayam.

Kwana goma sha bakwai ke nan abinci ba ya shiga mini. Ina tunanin ko kana tsare ana shirin maido ka gida, ko ciwon ya kayar da kai a inda ba wanda ya san ka. Ka zo mini da tambaya, na mayar da kai ba aiki.

Na yanke shawara gobe zan shiga mota zuwa Tasawa. Ɗana ya hana, Safiatou ta yi kuka ta ce a nemo lambar Hajar a kira ta. Na ce a'a. Irin wannan magana ba a yin ta a waya, kuma ko an kira ba ji zan yi ba. Ni na jawo, ni zan je in zauna gaban matarka in faɗa mata da bakina.

Allah ya tsare ka duk inda kake.

Zouera

Tasawa, 24 ga Nuwamba

Maulud, ɗan Biba,

Salamu alaikum. Ina gidanka nake rubuta wannan. Hajar lafiya, yara lafiya, ni ma na iso lafiya, sai dai gwiwa ta kumbura saboda zaman mota.

Na sauka tasha na yi ta tambaya har aka kawo ni. Hajar tana tankaɗe a tsakar gida. Ba ta gane ni ba sai da na ce Zouera ta Damagaram. Ta yar da rariyar ta rungume ni. Ta kawo ruwa, na ce ba zan sha ba sai na sauke abin da na ɗauko. Na ce, “'Yata, ki yafe mini. Mijinki ya rasa aikinsa, kuma ni ce sanadi. Yanzu ma ba a san inda yake ba.”

Ta zuba mini ido. Ta yi magana ban ji ba. Ta matso ta sa baki a kunnena ta ce da ƙarfi, “Inna, wane aiki ya rasa? Ai yana daji wurin raƙuma!”

Na ce, “Wane daji?”

Ta ce, “Ya kira ni da wayar wani makiyayi, sati biyu da suka wuce. Tasa wayar mota ce ta taka ta. Ya ce uban maigidansu ne ya tafi da shi da ɗakin nan nasa mai taya. Har ya ce in samu wanda zai gaya miki, ni kuwa ban da lambarki, na ce sai ranar kasuwa in aika, ranar kasuwa ta zo na manta.”

Maulud, ban san lokacin da na fara kuka ba, ita kuma ta rasa ko dariya za ta yi ko ta taya ni. Daga baya muka yi duka biyun. Na sha ruwan, na ci tuwo malmala biyu.

Amma kai ma ka ji naka. Mutum ya rubuta wa tsohuwa “sai bari” ya ɓace mako uku! In Allah ya dawo da kai cikin gari sai ka yi mini bayanin abin da kake nufi.

Na ce zan koma jibi, Hajar ta ɓoye mini takalma. Yaranka sun yi ta kallona, ƙaramar ta tambayi uwarta ko ni ce kakarsu ta dawo. Yau ni na yi miyar rana, ba wanda ya karɓe mini ludayi.

Innarka,
Zouera

Riyad, 14 ga Disamba

Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da neman gafara. Shekaranjiya muka dawo, jiya na yi sabuwar waya, takardunki uku suka shigo a jere. Na karanta su a tsaye a bakin shago, na kasa tafiya. Inna, da wannan gwiwar kika shiga mota har Tasawa saboda ni? Ban san da wane baki zan gode miki ba.

Ba bari na rubuta ba, barr na rubuta. Haka mutanen nan suke kiran daji, can cikin rairayi inda suke fita in sanyi ya shigo. Bakina ya saba da kalmar har na manta ba Hausa ba ce. Laifina ne. Hoton da mudir ya ɗauka mahaifinsa ya tura wa. Tsohon da ya ga karafan ɗinsa ya farfaɗo sai ya ce a sa masa sababbin tayoyi, bana da shi zai je wurin raƙumansa, kuma a haɗo da wanda ya gyara. Ranar tafiya ina duƙe ina ɗaura shi a bayan mota wayata ta zame daga aljihu, taya ta bi ta kai. Lambar Hajar kaɗai na haddace.

Tafiyar awa uku ce, ta ƙarshen ba kwalta. Da muka isa na buɗe ƙofa, Inna, sai da na dafe kai. Durowa biyun sun fito sun kife. Kwalabe duk sun farfashe, kuka da barkono da wake sun haɗe a ƙasa. Rabin tayil ɗin ya zubo. Ni kicin na gina irin na gidan da ke zaune wuri ɗaya, na manta ɗakin nan a kan taya yake. Ke ma ban faɗa miki zai motsa ba, don ni kaina ban sani ba.

Tsohon ya leƙo, ya yi atishawa saboda barkono, ya yi dariya ya ce, “Ya Maulud, a nan duk abin da ba ka ɗaure ba, ba naka ba ne.” Ya zauna a kujera yana nuna mini da sanda. Kowace durowa na sa mata sakata. Kowace kanta na buga mata ɗan katako a baki don kaya su daina zamewa. Kwalabe na koma na roba. Ludayi da wuƙa na ɗaure su da igiyar roba a jikin bango. Tayil ɗin da ya rage na ɓalle, na sa farantin ƙarfe marar nauyi, sai layi ɗaya na shuɗin da ya ƙi fita na bar shi.

Ba zan ɓoye miki ba, makon farko raina ya ɓaci. Shi ke kwana a ciki, ni ina tanti tare da makiyaya. Ina shiga in dafa masa gahawa a kan teburin da na goge da hannuna, in fito kamar baƙo. Na ce a raina shi ke nan, na gyara an karɓe.

Wata rana da rana ina burga kuka da ɗan abin da na tsince, sai ya shigo ya ce, “Wannan fa? Ciyawa kake ci?” Na ce ganyen bishiya ne na ƙasarmu, likita ta hana ni shinkafa da yawa. Ya ce shi ma shekara ashirin ke nan da sukari, kuma ya gaji da dafaffen kabewa da ake ba shi a gida. Ya ɗanɗana, ya yamutsa fuska, ya fita. Washegari ya aiko a tambaya ko akwai sauran ciyawar nan. Daga ranar kullum sai na zuba masa, har kukar ta ƙare muka koma wake. Sai dai takardarki ba ta same ni a can ba, don haka mun sha gudaji mu biyu, waken ma wani makiyayi ɗan Sudan ne ya ce in riƙa jiƙawa.

Sanyi ya kama masa ƙirji, shi ya sa muka dawo da wuri. A gabana ya ce wa ɗansa a mayar da karafan inda yake, wata tara nawa ne, wata uku nasa, kuma wata ukun ma ba ya zuwa sai da ni. Na koma gadina. A hanyar dawowa ko cokali bai faɗi ba.

Yau da safe na je wurin Dakta Jamilat. Ta duba sakamakon ta sake dubawa, ta ce sukarin ya sauka sosai. Ba warkewa ba ce, maganin yana nan, amma ta ce ko me nake yi in ci gaba. Na ce mata Innata ce. Ta ce a gaishe ki.

Ki zauna a Tasawa iya son ranki, gidanki ne. Allah ya ba ki lafiyar gwiwa, ya jiƙan mahaifiyata da ta bar mini ke.

Ɗanki,
Maulud

Tasawa, 18 ga Disamba

Ɗana Maulud,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi. Duk muna lafiya, kumburin ya saɓe. Ɗana ya aiko a tambayi ranar komawata, na ce sai bayan an gama sussukar wake, wataƙila.

Na yafe maka, kai ma ka yafe mini tashin hankalin da na sa Ousmane. Ka je ka gan shi da ƙafarka, ka kai masa abin da ka dafa.

Na karanta wa Hajar takardarka a fili, yara na zaune. Wurin barkono da atishawa sun yi ta dariya. Da na zo inda kake burga kuka sai Hajar ta rufe baki da mayafi ta ce, “Shekara ashirin da biyu, mutumin nan bai taɓa sanin inda maburgi yake a gidan nan ba.” Na ce ai yanzu ya sani.

Bayan yara sun tashi sai ta zauna tana tsince wake. Can ta matso kusa da kunnena ta ce, “Inna, a daji dai yana da tsohon nan. Yanzu da ya dawo bayan sito, da wa yake ci?” Na ce ban sani ba. Ta ce, “A nan ko fura ba ya iya sha shi kaɗai, sai ya leƙa waje ya kira wani.” Ta juya ta ci gaba da tsintar wakenta, ni kuma na yi kamar ban ga idonta ba.

Ni duk lissafina a kan iska da tsayi da ruwa ya tsaya, wannan bai zo mini ba sai da ta faɗa. Don haka ga aikin da ya rage maka, kuma ba nawa ba ne, na matarka ne. In akwai sauran katakon nan, ka yi kujera ta biyu. Ka sayi kwano babba. Ranar Juma'a in an sauko masallaci ka kira Mukhtari, ka kira duk wanda ka gani a bakin ƙofa, ka ƙara wa waken ruwa.

In kun zauna ka ɗauki hoto ka turo. Ta ce ba kicin ɗin take son gani ba, hannuwan da ke cikin kwanon take son ta ƙirga.

Innarka,
Zouera